Jana'izar Imamu Ahmad da darasinta ga muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekara ta 218 bayan Hijira halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Imamu Ahmad ɗan Hambali, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ƙi. Aka ɗaure shi, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, bai janye ba har Mutawakkil ya ɗage wannan fitina. Da ya rasu a watan Rabi'ul Awwal na 241, Bagadaza ta fito ƙwanta da ƙwarƙwata, tituna suka toshe. Alƙali Ibn Abi Du'ad kuwa, jagoran tuhumar, ya riga shi rasuwa da shekara guda, kuma 'yan tsiraru ne suka raka gawarsa. Ranar nan masu mulki suka ga inda zukatan talakawa suke, abin da bulala ba ta iya nuna musu ba.

Wannan shi ne nauyin taron jana'iza. Hadisi ingantacce ya nuna cewa muminai shaidun Allah ne a bayan ƙasa: wanda suka yaba da alheri, shaidarsu tana amfanarsa. Shi ya sa idan babban shehi ya yi wafati, a Kaulaha ne ko a Kiyota, za a ga ministoci da gwamnoni da 'yan takara a sahun gaba. Sun san jama'ar da ta cika fili ita ce mai jefa ƙuri'a.

Zuwansu ba laifi ba ne, domin ta'aziyya sunna ce, kuma Allah kaɗai Ya san niyya. Haɗarin yana kan muridi. Idan ya koma gida yana lissafin motocin manya, yana yi wa wata zawiya gorin cewa taronsu ya fi yawa, to ya sayar da ladansa da araha. An yi alkawarin ƙiraɗi ɗaya ga wanda ya sallaci gawa, biyu ga wanda ya tsaya har aka rufe ta, kowane kamar dutsen Uhudu, amma da sharaɗin imani da neman lada.

Saboda haka muridi ya gyara niyya tun daga gida, ya bar turereniya wajen makara, ya ajiye waya, ya shagala da istigfari da salati. Kada ya bari a mayar da zaman makokin shehinsa dandalin neman zaɓe. Mamaci addu'a yake bukata.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kyautata ƙarshe, albarkar Annabi. Amin.