Rashin Sa'a Ne Ko Son Araha?



Sau uku a jere ina faɗawa mummunan masauki a ƙasar waje, kuma kullum na dawo gida maganata ɗaya ce: ni dai ba ni da sa'ar otal. A Alƙahira, lokacin baje kolin littattafai, na kama ɗaki a wajajen Ataba cikin sanyin Janairu, babu ruwan zafi, kuɗin cizo kuwa suka yi walima da ni. A Dubai, unguwar Deira, tagar da na gani a hoto ashe bango take kallo. Waɗannan biyun na mayar da su abin raha a majalisa. Na ukun ne ya hana ni dariya.

Umra muka je da mahaifiyata, ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa. Mai shirya mana tafiyar ya ajiye mini otal biyu: ɗaya dab da Harami, ɗaya can cikin Misfala. Bambancin kuɗin ba abin da ya fi ƙarfina ba ne, wallahi. Na zaɓi mai araha, na ce ragowar na sayi littattafai da tsaraba. Aka ce tafiyar minti goma ce a ƙafa. Minti goman saurayi kenan, ba na tsohuwa ba. Kwana na biyu lif ya lalace, mu kuma muna hawa na biyar. Hajiya, wadda ta yi shekaru tana begen ganin Ka'aba, sai ga ta tana sallolinta a ɗaki. Da na shiga ba ta haƙuri, ta ce: "Ba komai, Malam, haka Allah ya ƙaddara."

Maganarta gaskiya ce, amma ta hana ni barci.

'Yan uwa, babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarar Allah, wannan ba mai jayayya. Sai dai malamai sun bambance tsakanin musiba da laifi: ana kafa hujja da ƙaddara a kan abin da ya same ka, ba a kafa ta a kan abin da ka aikata na kuskure. Abu ɗaya ne ya faru a ɗakin nan, amma a wajen Hajiya musiba ce, haƙurinta lada ne. A wajena zaɓi ne. Idan na ari kalmarta na lulluɓe kaina da ita, na ci amanar kalmar.

Ku tuna Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham ya samu labarin annoba. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Bai jefa mutanen da ke hannunsa cikin haɗari ba sannan ya ce babu sa'a.

Ita kanta kalmar "rashin sa'a" ina tsoronta. Tana da daɗin faɗi don ba ta tuhumar kowa. In ka yawaita ta, sai ka wayi gari kana ganin wani abu na bin ka, daga nan zuwa camfi taku kaɗan ne. Alhali ba abin da ke bi na sai hannuna da kullum ke miƙewa wajen farashin ƙasa. Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado.

Wani zai ce, to Malam, ba an hana almubazzaranci ba? An hana. Kuma akwai bayin Allah da yawa da iyakar ƙarfinsu kenan, wani gona ya sayar ya zo. Wannan ba da shi nake ba, wahalarsa tana cikin mizaninsa in sha Allah. Mai otal da ya sa hoton ƙarya shi ma ha'incinsa na wuyansa. Ni da kaina nake, da ire-irena masu hali. Tsimi a jikinka kai kaɗai yana iya zama zuhudu. Amma ka tsimi kuɗi da gwiwar mahaifiyarka, ko barcin matarka da 'ya'yanka, alhali ba ka shawarce su ba? Na juya abin ta kowace fuska, ban samo masa suna ba sai rowa.

Kwana na huɗu na fita neman canji, na kusa duk sun cika. Sai na samo keken turawa, muna saukowa a hankali sau ɗaya a yini, mu zauna a Harami daga La'asar har Isha'i. Abin da na kashe a tasi da abinci a waje ya kusa cinye abin da na rage.

Littattafan suna nan a kanta, har yau ban cire ledar wasu ba. Hajiya kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce masa ɗanta ne ya tura ta ɗawafi da hannunsa.