Dabara ta wa ce: mai faɗa ko mai aikatawa?

Mai karatu, a wannan watan zan ɗan jingine sharhin finafinan mu na gida, in ɗauke ka zuwa Jami'ar Harvard da ke Amurka. Dalili kuwa, kwanan nan na sake kallon 'The Social Network', fim ɗin 2010 wanda Aaron Sorkin ya rubuta, David Fincher ya ba da umarni. Tun daga ranar wata tambaya ta ke cin rai na: idan ka faɗa wa mutum dabarar ka, ya je ya aiwatar da ita ba tare da kai ba, ya yi maka sata ko bai yi ba?

Ga yadda abin ya faru. A ƙarshen 2003, wasu ɗalibai uku, tagwaye Cameron da Tyler Winklevoss da abokin su Divya Narendra, sun so kafa dandalin sada zumunta a intanet domin ɗaliban jami'ar su, mai suna HarvardConnection. Su na neman wanda zai ƙarasa masu rubuta manhajar, sai su ka samu wani ɗan aji biyu mai shekara 19, Mark Zuckerberg. Ya amsa zai yi. Makonni su ka riƙa shuɗewa, kullum sai uzuri: karatu ya yi yawa, ku ɗan ƙara haƙuri. Ranar 4 ga Fabrairu, 2004, kwatsam sai ga shi ya buɗe nasa dandalin, Thefacebook, shi ma domin ɗaliban Harvard. Mutanen nan su ka garzaya kotu. A 2008 aka yi sulhu a kan dala miliyan 65, wani kaso kuɗi, wani hannun jari. Sulhu kuwa ba hukunci ba ne, don haka tambayar ta na nan daram.

Bari mu yi wa Zuckerberg adalci tukuna. Ba tagwayen ne su ka ƙirƙiro sada zumunta a intanet ba. Akwai Friendster da MySpace kafin nan. Shi kuma ya dage cewa bai ɗauki komai daga manhajar su ba. A cikin fim ɗin ma an sa masa wata hujja a baki, wai wanda ya ƙera kujera mai kyau, ba a cewa duk wanda ya taɓa ƙera kujera ya na bin sa bashi. Wannan magana ba ta banza ba ce. Je ka kowace majalisa da yamma, za ka ji dabaru fiye da ɗari, amma nawa ne ke kwana? Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya hana idon sa barci ya yi aikin, ya fi wanda ya tsaya a fatar baki haƙƙi.

To amma ni a gani na, ba a nan gizo ke saƙar ba. Mu ɗauka ma dabara ba ta kowa ba ce. Shin lokaci fa? A harkar dandalin zumunta, mutum ya na zuwa ne inda abokan sa su ka riga su ka taru. Wanda ya fara tara jama'a ya gama cin kasuwa. Da a ce ranar farko yaron nan ya ce, "Ku yi haƙuri, ba zan yi maku ba, ni ma nawa zan yi," da sun nemi wani, an fafata, mai rabo ka ɗauka. Wannan sunan sa gasa, kuma babu laifi a ciki. Amma ka bar mutane su saki jiki su na jiran ka, alhali kai ka san inda ka dosa, wannan romon baka ne. Ko da ba ka taɓa dukiyar su ba, ka cinye masu makonnin da ba za su dawo ba. Alƙawari kaya ne, in ji Bahaushe, kuma shi kayan ba ya sauka don kawai ka fi mai shi basira.

Kada ka ce wannan rigimar Turawa ce, mai karatu. Dubi industirin mu. Sau nawa ka ji ƙaramin marubuci ya kai wa furodusa labari, an ce masa, "Bari mu duba, za mu neme ka," bayan 'yan watanni ya ga abin sa a YouTube, an sauya sunayen taurari kawai? In ya yi ƙorafi a ce masa ai labarin kishiya ba na uban kowa ba ne. Gaskiya ne, ba na kowa ba ne. Amma me ya sa aka ce ya jira? Ai don kada ya kai wa wani ne.

Sai dai a matsayi na na mai sharhi, dole in ja kunnen ka: fim ba kotu ba ne. Budurwar da aka nuna ta rabu da Zuckerberg a farkon fim ɗin ƙirƙirarriya ce, kuma shi da kan sa ya musanta dalilan da aka jingina masa. Ka ga abin mamaki: fim ɗin da ke tuhumar mutum da ɗaukar abin wasu, shi ma ya ɗauki rayuwar mutum ya juya ta yadda ya ga dama, har ya lashe kyautar Oscar uku a 2011, ciki har da ta rubutu. Don haka ban ce ka yanke wa mutumin hukunci daga abin da Jesse Eisenberg ya taka ba. Halin na ke so ka auna, domin shi ne mu ke iya samu a jikin mu.

Saboda haka, ɗalibin da ke shirin haɗa kai da abokai a kan wata manhaja, da kai marubuci, da kai furodusa: ku rubuta yarjejeniya tun kafin kuɗi su shigo, ai ko bashi addini cewa ya yi a rubuta. Kuma ranar da zuciyar ka ta bar tafiyar, ka faɗa a ranar. "A'a" ta na da ɗaci, amma ta na barin ɗan'uwan ka da lokacin sa a hannun sa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.