Titi na kowa ne, to samansa fa?

Ranar ɗaurin auren wani ɗan kartiyenmu a Damagaram, mai ɗaukar bidiyo ya zo da ƙaramin jirgin nan da samari ke ce ma diron. Ya tashe shi daga tsakiyar titi, yara na bin shi da ihu. Da dare aka turo mana bidiyon ta WhatsApp. Ya yi kyau, ban musa ba. Amma can gefe, bayan katanga, ga tsakar gidan maƙwabta: wata dattijuwa zaune bakin murhu ba ko kallabi, ga makewayinsu da ba ya da rufi. Ba wanda ya yi mata sallama.

Washegari na yi ma mai bidiyon magana. Ya ce: "Haba abokina, ai titi na kowa ne."

Mu ɗaliban harshe akwai mu da liƙe ma kalma, ku yi haƙuri. "Na kowa ne" da "ba na kowa ba ne", kalma guda ce a ciki, amma ta farko na nufin dukanmu muna da hakki, ta biyu na nufin abin ba ya da mai shi. Abokina ya furta ta farko, ya yi aiki da ta biyu. Haka sunan da rediyo ke ba abin, jirgi maras matuƙi. Yana da matuƙi mana! Yana tsaye bakin titi riƙe da na'ura, na san gidansu.

To wa zai kafa doka? A Amurka sararin sama na hannun hukumar tarayya ta FAA, gari kuwa ƙasa yake iko da ita, wato inda za a tashi da inda za a sauka. Ta wannan ƙofa birnin Niyok ya bi a 2023: mai son tashin diron sai ya nemi izini wajen ƴan sanda, in kuma zai ɗauki hoto sai ya manna sanarwa a wurin tun kafin ranar. A ƙasashen Tarayyar Turai ba a barin mai wasa da shi ya wuce metir 120.

Metir 120 ba ya tsare dattijuwar nan da komi, don katangarmu idon mai tafiya ƙasa aka gina ta dominsa. Sanarwar ce ta tsaya mini a rai, saboda mun riga su saninta. Ina yaro, in magini zai hau soro a kartiyenmu, sai ya aiki yaro gida-gida a shaida ma mata. Ba takarda, ba tambari. Bai taka ƙasar kowa ba, amma ya san idonsa zai shiga inda ƙafarsa ba ta da izini.

Sai dai ina tsoron ɗaya gefen. In aka ce sai ofishin magajin gari ya sa hannu, gobe wanda ke son nuna magudanar ruwa da ta toshe, ko kartiyen da ambaliya ta cinye kamar yadda aka gani a Maraɗi da Damagaram a daminar 2024, za a iya ce masa takarda ba ta fito ba. Kasuwa, tasha, juji, gadar da aka gina da kuɗin haraji, waɗannan ai gani ya kamace su, daga sama ma ya fi. Dokar da zan so ita ce wadda ke sakin ido kan kayan jama'a, ta tilasta sallama inda mutum ke zaune cikin sirrinsa. Yadda za a rubuta ta a gari irin namu, da gida ke manne da kasuwa, nan ne nake ta kai da komo.

Mai bidiyon dai ya yarda ya yanke wurin. Amma na farkon ya riga ya shiga wayoyi. Dattijuwar ba ta da waya, kuma har yau na kasa yanke ko in gaya ma ɗanta.