MA'ANAR BAPTISMA

Kowace shekara, sa'anda kaka ta yi aka kai hatsi rumbu, ekklesiyoyi da yawa su kan fara shirya masu bi domin baptisma. A ƙauyukan ƙasar Ɗanbatta mutane su kan tambaye mu, su ce, "Wannan wanka naku na menene? Na magani ne, ko kuwa na tsarki?" Ya kamata kowane Kirista ya san abin da za ya amsa.

Kalmar nan baptisma ba Hausa ba ce. Daga Helenanci ta fito, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Masu juya Littafi Mai-Tsarki na 1932 sun bar ta yadda ta ke, ba su fassarta ta ba. Asalinta "bapto" ne, watau a tsoma. Ita ce ke cikin Luka 16:24, inda mai arziki ya roƙi Ibrahim ya aiko Li'azaru ya tsoma yatsa cikin ruwa. Ita ce kuma cikin Yohanna 13:26, inda Ubangiji ya tsoma loma ya ba Yahuda. Daga cikinta "baptizo" ta fito, a nutsar. Helenawa su kan faɗe ta ga jirgin da ya nutse.

Amma ga abin lura: "bapto" kalmar marina ce kuma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda a ke yi. Marini ya kan tsoma farin zane cikin baba. Sa'anda ya tsamo shi, tsanwa-tsanwa ya ke, sai ya sha iska kāna shuɗin ya bayyana. Daga ran nan ba ya komawa fari har ya tsufa.

Haka Bulus ya koya mana cikin Romawa 6. Mai bi ya shiga mutuwar Kristi, an binne shi tare da shi, ya tashi kuma cikin sabon rai. Mu tuna fa, zanen da aka tsoma cikin ruwa zalla jiƙewa kaɗai ya ke yi. Baba ke rini. Hakanan ruwa ba ya ceton kowa, jinin Yesu ke ceto. Siman mai sihiri ya karɓi baptisma a Samariya, duk da haka Bitrus ya ce zuciyarsa ba daidai ta ke ba. Ɓarawon da ya tuba a bisa giciye bai shiga ruwa ba, amma ya shiga Firdausi.

Waɗansu ekklesiyoyi nutsarwa su ke yi, waɗansu kuwa zuba ruwa a kai. Kada wannan ya raba mu. Akwai wani tsohon littafin Kiristoci na fari, Koyarwar Manzanni, wanda aka gano a 1873. Ya ce a yi baptisma cikin ruwa mai gudu. Idan babu isashen ruwa, a zuba a kai sau uku. Mu da rafukanmu su ke ƙafewa da rani, mun gane dalilinsu. Na kusa da madatsar Tomas da wanda rijiya kaɗai gare shi, Ubangijinsu ɗaya ne.

To, ɗan'uwa, kai da ka ba da sunanka ga fasto, ka lissafta tukuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dangi za su ji. Wataƙila a hana ka gonar gado, ko a ƙi cin tuwo tare da kai. Can ne, a gida da gona da kasuwa, za ka sha iska, a ga ko ka rinu. Kada ka nemi baptisma domin sabon suna, ko domin aure. Idan kuwa ka tuba da gaske, ka ba da gaskiya ga Yesu, kada tsoro ya tsai da kai. Mu kuma da muka riga ka shiga, wajibi ne mu buɗe maka gidajenmu da rumbunanmu.

Allah ya ba mu alherin tsayawa har matuƙa. Amin.