Halin Mutum a Inda Ba a San Shi Ba

A 1962 aka buɗe Motel 6 na farko a Kalifoniya ta Amurka, kwana ɗaya dala 6. Irin wannan masauki mai araha, wanda aiki ya zaunar da shi ciki watanni ba shi da maƙwabci, ba kuwa wanda ya san gidan ubansa.

To, kirkinmu don Allah ne, ko don idon jama'a? Sau da yawa kunya ce kawai ke tsare mu a gida. Inda babu idon sani, alkawarin aure yakan yi sanyi, Misar Lahadi a bar ta sai an komo, matar da ke share ɗakin ko gaisuwa ba ta samu.

Manzo Bulus ya yi shekara 2 a gidan haya a Roma yana tsare, duk da haka yana karɓar kowa, yana koyar da Bishara. Bai jingine bangaskiyarsa sai ya koma gida ba. Mu ma, duk inda tafiya ta sauke mu, mu nemi coci mafi kusa, mu girmama mai yi mana hidima, mu kwanta da lamiri mai tsabta. Allah ya taimake mu.