Idon Mai Sammako Ne Ke Sanin Tsuntsu

Wa ya riga mai shayi ganin fitowar rana? Wa ya riga mai gadi, ko mai ƙosai da ta hura wuta tun kafin kiran assalatu, ko manomin da ya saɓa fartanya raɓa na jiƙa masa ƙafar wando? Babu kowa. To ku sani, lokacin nan da kuke fita neman halaliyarku shi ne lokacin da masana tsuntsaye ke biyan kuɗin mota su yi doguwar tafiya don su riska. Su sai sun yi shiri, ku kuwa kullum kuna cikinsa. Ido kuna da shi, kunne kuna da shi, haƙuri kuma sana'a ta riga ta koya muku. Wanda ke gane takardar kuɗi ta jabu da taɓawa ɗaya, wanda ke jin ƙarar inji ya ce ga inda ciwon yake, wadda ke duban hatsi a faifai ta san na bana da na bara, me zai hana su sanin tsuntsayen da ke sauka a kan katangar gidansu? Ku ɗaga kai!

Na san abin da wani zai ce: ina ni ina kallon tsuntsu, ga kuɗin makaranta, ga tsadar taki, ga mudun masara ya ƙi sauka? Gaskiya ne, nauyin yana da yawa. Amma wannan ilimi ba ya cin kwabo, ba ya hana ka awo, ba ya hana ki daka. Kana kan aikinka yake zuwa ya same ka. A Najeriya kaɗai an ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 900, kuma wasunsu da dama suna ratsa unguwarku kowace shekara ba tare da kowa ya ce musu sannu ba.

Ka fara da waɗanda ka sani, su zama ma'auninka. Duk baƙon da ka gani, tambayi kanka: ya kai kurciya ko bai kai ba? Ya fi hasbiya? Sannan dubi bakinsa. Gajeren baki mai kauri na fasa tsaba ne, siririn baki na kama ƙwari ne, mai lanƙwasa da kaifi na yagar nama ne. Dubi wutsiya, dubi ƙafa. Tafiya yake yi ko tsalle? Shi kaɗai yake ko cikin garke? Ko hasbiya da kurciyar ma akwai abin lura: hasbiya ta fi girma, da jar fata kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, kurciyar gida kuwa 'yar ƙarama ce mai zanen baƙi a ƙirji. In ganye ya ɓoye maka shi, saurara, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yau ɗaya, gobe biyu, kafin watan ya mutu ka san goma.

Ga bazara ta zo, zafi ya kai maƙura, rijiya ta ja baya, kowa na duban gabas. Sai a wayi gari a ga shamuwa a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari, baƙa mai farin ciki, fatar fuskarta shuɗiya da ɗan ja kusa da ido. Kun san daga ina take? Ta yi watannin ranin nan a gabashi da kudancin Afirka, can ƙasashen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke sauka lokacin da muke fama da ƙura. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu take iso mana, tana tafe tare da iskar ruwa, domin fara da tsutsa da ɗanyar ciyawa ke fitarwa su ne abincin 'ya'yanta. Shi ya sa kakanninmu suka girmama ta, suka bar ta ta yi sheƙa a cikin gari ba mai jifa. Sun lura ne, shekara bayan shekara, har lurar ta zama sani. Ba na cewa ranar da ta sauka ka kwashi iri ka binne. Ka haɗa da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, ka haɗa da danshin ƙasar da tafin hannunka ya sani. Amma manomin da ya rubuta ranar zuwan shamuwa da ranar ruwan shuka shekara biyar a jere, ya mallaki abin da babu wani ofishi da zai ba shi game da gonarsa. Rubuta!

Damina kuwa ita ce lokacin da ake jarraba mai lura, don tsuntsaye kan sauya tufafi. Ɗan tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da ya yi rani yana tsintar tsaba ba wanda ya kula shi, shi ne mulufin da ke tsaye kan karan gero yanzu, ja da baƙi kamar ango. Zalaidu ya fito da doguwar wutsiyar da ba shi da ita a rani. Balbela fara fat ta samu ruwan ɗorawa a ka da ƙirji da baya. Marai na saƙa gidansa a reshe, ya rataya da ƙafa yana kaɗa fiffike don macen ta zo ta duba aikin, in bai yi ba ya sake wani, ba ya zama yana kuka. Cilakowa ta shiga kogon itace, an liƙe ƙofar sai 'yar tsaga, namijin na ta kai da komowa da abinci har ta ƙyanƙyashe. Ku dubi ganyen giginya da kyau: akwai siririyar tsattsewa da ke manna sheƙarta a jikin ganyen da yawun bakinta, ta kuma manna ƙwan don kada iska ta yar. Hatta karin maganar nan, hankaka mai da ɗan wani naka, ba a banza aka yi ta ba, domin akwai tsuntsu mai doguwar wutsiya da ɗigon fari da ke saka ƙwansa cikin sheƙar hankaka, hankakan kuma ya reni ɗan. Duk wannan a bayan gidanka yake faruwa, kyauta. Wa zai gani in ba kai ba?

Da kaka ta kawo kai, kallon tsuntsu ya zama maganar rumbu. Manoman shinkafa a Kebbi da Sakkwato, da na gero da dawa a Jigawa da Yobe da Borno, ba sa buƙatar a gaya musu wane ne jan baki. An ƙiyasta yawansa ya kai biliyan ɗaya da rabi a Afirka, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Wanda ya kwana a gona yana kaɗa gwangwani, ya wuni yana ihu har murya ta dushe, ya san zafinsa. Amma ku lura da halinsa. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, idan ta yi ƙaranci ko ya tarar da gona ta nuna kusa da ruwa sai ya afka mata. Da yamma yana komawa makwanci guda, sau da yawa cikin kacalar da ta cike fadamun Haɗeja da Nguru. Wanda ya san ta inda garken ke ɓullowa da safe, ya san inda yake kwana, ya kai rahoto ga malaman gona da wuri, ya kuma sa maƙwabta su yi shuka lokaci guda don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai, wannan ya ceci buhunan da ihu ba zai ceta ba. Kuma sai mai sani ne zai bambanta jan baki da sauran ƙananan tsuntsaye masu cin tsutsar da ke ɓata masa amfani. Ka san mai yi maka ɓarna, ka san mai yi maka aiki.

Iskar hunturu na tasowa, shamuwa ta yi gaba, baƙin Turai sun iso. Makiyayi, kai ka fi kowa sanin ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanunka yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Nauyinsa kusan giram 20 ne kawai, amma Sahara ya ƙetaro, kuma wajen Maris zuwa Afrilu zai ci ya tara kitse ya sake ƙetare ta. Agwagwin ruwa da tsuntsayen bakin tafki dubbai kan sauka a Dagona ta jihar Yobe da Baturiya ta jihar Jigawa, har Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989 don ganinsu. Abin da ya taso da mai sarauta daga ƙasarsa, masunci na ganinsa daga cikin kwalekwale yana jan koma. A cikin gari kuma, ajiye ruwa a kasko ƙarƙashin inuwa, ka riƙa sauya shi don kada sauro ya samu wurin haihuwa, ka watsa 'yar tsaba. Uwargida, ko ba ki taka ƙofar gida ba, rani zai kawo miki tsuntsaye har gindin turmi. Ki ƙirga su, ki koya wa yara, hannun da ya saba riƙe danƙo ya koyi riƙe biro.

Akwai biyu da nake roƙa wa adalci. Mujiya, wadda ake jifa don tsoro, ɓeraye take farauta duk dare, ɓerayen da ke huda buhunka. Sai ungulu. Dattawa, ku tuna yadda take cika rufin mahauta da kan bishiyoyin kasuwa. Yau ina take? Guba da farautar sassan jikinta don sayarwa sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa a duniya. Ita ce mai kwashe mushe kafin ya zama cuta. Mahauci, in har tana zuwa wurinku, ka tsare ta, ka ƙirga ta, ka faɗa.

Ina za a faɗa? Akwai masu jira. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, tana horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. A duwatsun yankin nan ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu da littattafan kimiyya ba su san da shi ba sai a 1998. Daga 2015 cibiyar ta soma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya: an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai, har da matasan Arewa, suna shiga su rubuta duk abin da suka gani su aika ta manhajar waya. Ba a tambayar digiri. Ana tambayar me ka gani, a ina, yaushe. Ƙauyenku yana cikin ɗaya daga gidajen nan, kasuwarku ma haka, fadamar da kake noman rani ma haka. Sayi ɗan littafi, sa rana, sa wuri, sa sunan tsuntsu da Hausa yadda kakarka ke kiransa, in ba ka san sunan ba zana kamanninsa ko ka naɗi kukansa a waya. Tambayi maharbi, tambayi Bafulatanin da ke kawo nono, tambayi tsohon da ke zaune a ƙofar masallaci. Ku haɗu ku uku ko huɗu a majalisa, wanda ya iya waya ya aika na kowa, mai keke ya ɗauki gefen rafi, mai shanu ya ɗauki daji, mai shago ya ɗauki cikin gari, ku cike gidanku kafin shamuwa ta juya kudu!