Hawayen Ɗa Namiji

Mun saba ce wa yaro namiji ba ya kuka. Amma 'ya'yanmu na Batsari da Safana, a bakin dajin Rugu, sun ga harin 'yan bindiga, sun kuma ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a 2020. Tsoron da yaro ya haɗiye yakan rikiɗe ya zama fushi. Ubangijinmu da kansa ya zub da hawaye sa'ad da Li'azaru ya mutu. Saboda haka, iyaye maza, mu zauna da su da maraice, mu saurara kafin mu tsawata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya taimake mu. Amin.